Giwa a garin wani zomo ce: Wace kariya ce ta dace da mai shiga dajin Yankari?

A wani daren Alhamis cikin watan Maris, a wani gida da ke Tirwun, bakin birnin Bauchi ta wajen gabas, na zauna ina kallon wani abokina yana tsara tafiyar maigidansa. Abokin nawa mataimaki ne na musamman ga wani babban jami'in gwamnatin tarayya, irin mutanen da ba sa barci sai ogansu ya yi barci. Sun taso daga Abuja da sassafe, suka bi ta Keffi da Akwanga da Jos, suka iso Bauchi da yamma a gajiye. Washegari maigidan zai kai iyalinsa Yankari su yi kwana biyu.

Komai yana rubuce a takarda: motoci uku, man fetur, kulolin abinci, ɗakunan kwana a Wikki, sai kuma 'yan sanda biyu masu rakiya da bindigoginsu. Da ya zo wannan layi na ƙarshe sai ya ɗaga kai ya tambaye mu ko bindiga biyu za ta wadatar idan zaki ya fito musu.

Mai masaukinmu, wani dattijo da ya yi farauta a ƙuruciyarsa kafin ya koma noma, ya yi dariya har da tafa hannu. Ya shaida wa abokin nawa, cikin irin raha ta uba da ɗa, cewa in dai Yankari ce, zaki ne na ƙarshe a jerin abin da zai dame su, kuma wanda zai ƙwace musu kular abincin ma bai san darajar kakin ɗan sanda ba.

Tambayar abokina ba ta wauta ba ce. Ita ce dai tambayar da ake ta jayayya a kanta a Amurka da Kanada da Japan, inda mutane ke shiga dazuzzukan da dabbar beyar ke zaune: me zan riƙe a hannuna? Kuma amsar da suka samu a can, bayan shekaru ana ƙirga gawarwaki da raunuka, tana da abin da za ta faɗa wa duk ma'aikacin da zai jagoranci ayarin maigidansa zuwa gaɓar kogin Gaji.

Dajin da ake magana a kansa

Yankari tana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, kuma faɗinta ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe ta a matsayin gandun namun daji a 1956, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, aka buɗe ta ga masu ziyara a ranar 1 ga Disamba, 1962. A 1991 gwamnatin tarayya ta karɓe ta, a 2006 kuma ta mayar wa Jihar Bauchi. Daga cikin gari ana bin hanyar Gombe, a karkata a Dindima, a shiga ta ƙofar Mainamaji; daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai tafiyar sama da kilomita 40 a cikin dajin kansa. Jimillar tafiyar daga Bauchi ta ɗara kilomita 100.

Mafi yawan baƙi ruwan Wikki ne ke kawo su, wannan maɓuɓɓuga mai garai-garai da ɗuminta ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Wasu kan leƙa kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey. Amma abin da ya bambanta Yankari da gidan zu na Kano ko na Jos shi ne babu keji. Giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da dorina da kada duk suna yawonsu, kai ne baƙo. Yankari na riƙe da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya, ƙasar da shirin kare giwaye da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2024 ya ƙiyasta cewa giwayenta ba su wuce 300 zuwa 400 ba. Tana kuma cikin wurare ƙalilan da har yanzu ake jin gurnanin zaki a ƙasar nan.

Lokaci yana da tasiri. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu ciyawa ta bushe, ruwa ya janye, dabbobi na taruwa a kwarin Gaji. Ana ganinsu daga nesa, su ma suna ganin mutum daga nesa. Da damina ciyawa kan fi mutum tsawo, kuma nan ne ake yin kiciɓis, wato haɗuwar da babu wanda ya shirya mata.

Abin da ƙasashen beyar suka koya

Beyar dabba ce mai kauri da gashi da manyan farata, babu ita a dazukan Afirka a yau. Babba daga cikin masu launin ƙasa-ƙasa kan kai nauyin ɗaruruwan kilo, kuma a gajeren zango tana gudun da ya haura kilomita 50 a awa guda. Babu ɗan Adam da zai tsere mata.

A Alaska, inda riƙe bindiga ba baƙon abu ba ne, wasu masana biyu, Tom Smith na Jami'ar Brigham Young da Stephen Herrero na Jami'ar Calgary, sun zauna da abokan aikinsu sun tattara bayanan arangamar mutane da beyar. A 2008 suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi kan wani feshi da ake haɗawa da sinadarin da ke sa barkono yaji, wanda ake zubawa a gwangwani ana ratayawa a ƙugu. Sun gano cewa feshin ya dakatar da beyar mai launin ƙasa-ƙasa a kashi 92 cikin 100 na lokutan da aka fesa mata, kuma kashi 98 cikin 100 na mutanen da ke ɗauke da shi sun tsira ba rauni.

A 2012 suka koma kan bindiga. Sun duba arangama 269 da aka yi tsakanin 1883 da 2009. A kashi 61 cikin 100 na waɗannan, beyar ta mutu. Amma abin da ya ja hankali shi ne, ta fuskar raunin da mutane suka ji, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba tsakanin wanda ya harba bindigarsa da wanda yana riƙe da ita amma bai harba ba. Dalilan sanannu ne ga duk wanda ya taɓa firgita: lokaci ya ƙure kafin a ɗana, hannu ya yi rawa, bindiga ta cije, mutum ya yi tuntuɓe yana ja da baya, ko ya ji tsoron harbin abokin tafiyarsa da dabbar ta riga ta danne.

Adalci ne a faɗa cewa masu goyon bayan bindiga sun soki kwatanta nazarin biyu kai-tsaye, domin ba iri ɗaya ba ne yanayin da aka tattara. Suna da hujja. Sai dai ko su ba sa musun abu ɗaya: bindiga tana buƙatar ƙwarewa da natsuwa a cikin daƙiƙa biyu ko uku, alhali feshi yana fita ne kamar gajimare, ko makaho ya nufi wajen zai samu. Shi ma feshin yana da iyakarsa. Ba ya wuce kimanin mita tara, yana ƙarewa cikin ƙasa da daƙiƙa goma, iska na iya dawo da shi fuskar mai shi, kuma wanda ya cusa shi a ƙasan jaka daidai yake da wanda ya baro shi a gida.

Abin da hukumomin gandun daji na can suka fi nanatawa kuwa ba makami ba ne. A gandun Yellowstone doka ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, da mita 23 tsakaninsa da sauran dabbobi. A yi tafiya a ƙungiya, a riƙa magana da ƙarfi don kada a yi wa dabba ba-zata, a kulle abinci inda ƙamshinsa ba zai kai hanci ba, kada a gudu. Makami shi ne layi na ƙarshe, bayan duk sauran sun karye.

Mu ɗauki wannan ma'auni mu auna namu dajin.

Giwa

Idan akwai dabbar da ta cancanci tsoron da abokina ya ware wa zaki, giwa ce. Toron giwa kan kai nauyin tan shida, wato ya ninka irin manyan motocin da ake ɗaukar oga a ciki har sau biyu. Idonta ba shi da ƙarfi sosai, amma hancinta da kunnenta ba sa kuskure. Tana tafiya ba ƙara, abin da ke ba baƙo mamaki. Garke guda na iya tsayawa a bayan kurmi mita ashirin daga hanya ba a sani ba sai reshe ya karye.

Giwa ba ta cin nama, saboda haka ba farautar kowa take yi ba. Abin da ke sa ta afka wa mutum uku ne galibi: uwa mai ɗa da ta ga an matso, toro da ke cikin lokacin zafin sha'awa, da kuma wadda aka taɓa yi wa rauni. Toron da ke cikin wannan hali ana gane shi da wani ruwa mai maiƙo da ke gangarowa daga gefen kansa tsakanin ido da kunne, da fitsarin da ke ɗiga a ƙafafunsa na baya. In direba ya ga haka, ba lokacin ɗaukar hoto ba ne.

Kafin ta kawo hari takan yi gargaɗi. Ta ɗaga kai, ta buɗe kunnuwa kamar faifai, ta girgiza kai, ta watsa ƙura, wani lokaci ta taho da gudu tana ƙara sannan ta ci birki. Masana dabbobi sun ce wadda ta naɗe hancinta ciki, ta mayar da kunnuwa baya, ta sunkuyar da kai ta taho shiru, ita ce ba ta wasa. Amma na fi son mai karatu ya ɗauki wannan bayani a matsayin ilimi, ba lasisi ba. Wanda ya zo daga Maitama jiya ba shi ne zai tsaya yana fassara kunnen giwa ba. Aikin jagora ne, wanda ya san garken, ya san wace uwa ce mai saurin fushi.

Nan ne al'adar ayarin manya ke zama haɗari. Direban gwamnati ya saba da jiniya da ham, ya saba hanya ta buɗe masa. Giwa ba ta san lambar mota ta gwamnatin tarayya ba. Ham da taka totur tsokana ce a wajenta. Motoci uku da suka manne wa juna a siririyar hanya sun toshe wa ta gaba hanyar ja da baya, kuma ja da baya a hankali shi ne kusan dabara ɗaya tilo da ke aiki. Mataimakin da ya san aikinsa zai tara direbobi tun a ƙofar Mainamaji ya faɗa musu: a bar tazara tsakanin motoci, ba ham, ba gudu, ba mai ratsa tsakiyar garke, ba mai sauka sai jagora ya ce a sauka. Sannan ya samu hanyar da zai gaya wa maigida, cikin ladabi da "ranka ya daɗe", cewa daga nan zuwa Wikki umarnin wannan ma'aikacin daji mai ƙaramin albashi ya fi na kowa. Wannan ne mawuyacin ɓangaren aikin, na sani. Amma Hausawa sun riga sun sauƙaƙa masa da suka ce giwa a garin wani zomo ce. A nan kuwa garin na giwar ne da kanta.

Mutanen da ke fama da giwa da gaske ba masu yawon buɗe ido ba ne, manoman ƙauyukan da ke kewaye da gandun ne, waɗanda garke kan cinye musu gonar masara ko dawa a dare ɗaya. Ƙungiyar kare namun daji ta WCS, wadda ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da gwamnatin Bauchi a 2014, ta sanya wa wasu giwaye ƙawanya mai aika saƙo ta tauraron ɗan Adam domin a san inda garke ya nufa, ta kuma ɗauki wasu mutanen ƙauyukan aikin sa ido su sanar in giwaye sun fito. Abin sha'awa, barkonon da ke korar beyar a Alaska shi ne manoma a Zambiya da Zimbabuwe ke ƙonawa ko shafawa a igiya don korar giwa daga gona. A Kenya kuwa amya ake jerawa a shingen gona, domin giwa na gudun ƙudan zuma. Sai dai kada wani ya ce zai sayo gwangwanin feshi ya fuskanci toro da shi. Abin da ke hana giwa shiga gona daban, abin da zai tsayar da tan shida da ya riga ya taso daban.

Ɓauna, dorina, da shi zakin

Tsofaffin maharba sun fi shakkar ɓauna fiye da zaki, musamman tsohon namiji da ya ware daga garke, ko wanda ke ɗauke da rauni. Ba ya gargaɗi kamar giwa. Dorina kuwa da dare take fitowa kiwo, da asuba ta koma ruwa, kuma wanda ya tsaya tsakaninta da ruwan ya tsaya a mugun wuri. A 2024 dorina ta hallaka wani mai gadin gona a Yawuri ta Jihar Kebbi. Ruwan da aka keɓe don wanka a Yankari shi ne Wikki. Gaji na kada ne da dorina.

Zakunan Yankari 'yan kaɗan ne ƙwarai, suna cikin jinsin Afirka ta Yamma da ke dab da ƙarewa, kuma suna gudun mutum. Baƙi da dama sun yi zuwa uku, huɗu, ba su ga ko sawu ba. Ya kamata a lura cewa mutuwar da zaki ya jawo wadda ta girgiza ƙasar nan a 2024, ta ma'aikacin gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, a keji ta faru, ga mutumin da ya shafe shekaru yana ciyar da zakunan. Sabo ne ya fi zama tarko. In tsautsayi ya haɗa mutum da zaki a ƙasa, ƙa'idar ɗaya ce da ta beyar: kada a gudu, kada a juya baya, a haɗu wuri guda, a ɗauki yara, a ja da baya a hankali.

Ɓarawon da ba ya tsoron kaki

Wanda dattijon Tirwun ke nufi shi ne bika, wanda aka fi sani da gwaggon biri. Duk wanda ya kwana a Wikki yana da labarinsu. Sun san ƙarar leda, sun san kula, sun san tagar da ba a kulle ba. Suna zaune a sansanin tare da aladun daji da ke kiwo a tsakanin ɗakuna kamar awakin gida.

Abin dariya ne har sai ya zama ba na dariya ba. Babban namijin bika yana da fiƙoƙi masu tsawo da kaifi, kuma yaro ɗan shekara biyar da ke riƙe da biskit ba zai saki ba sai an ƙwata. Abin da ya mayar da su haka shi ne mu: kowane baƙo da ya jefa musu ayaba don ya ɗauki bidiyo ya koya musu cewa hannun mutum rumbu ne. Daidai wannan matsala ce ta sa a Amurka ake cin tarar mai ciyar da beyar, domin dabbar da ta saba da abincin mutane ƙarshenta a harbe ta. Don haka a ci abinci a cikin ɗaki ko a ɗakin cin abinci, a kulle ƙofa da taga da gilashin mota, kada a ba yara abin ci su fita da shi. In biri ya kama leda, a sakar masa. Babu kilishin da ya kai yatsa. In kuwa ya yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a nufi asibiti a ranar, a yi maganar allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta sandarewar jiki.

Abin da ke ƙarƙashin ƙafa

Idan ana maganar dabbar da ta fi kashe mutane a wannan yanki na Bauchi da Gombe, ba ta kai tsawon hannu ba. Kububuwa ce, wadda ake wa kirari da gobe-da-nisa. Dafinta na hana jini daskarewa, mutum ya yi ta zubar da jini ta dasashi da ta ciki. Ba banza ba asibitin da ya ƙware a kan saran maciji yake Kaltungo, a maƙwabciyar jiha. Launinta ya saje da ƙasa da busasshen ganye, kuma da dare ta fi yawo.

Kariya daga gare ta ba ta kai kuɗin man mota ɗaya ba: takalmi rufaffe mai kauri maimakon silifa, dogon wando, da tocila a hannu duk lokacin da za a taka waje bayan magariba. In an yi sara, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau, kada a ɓata lokaci wajen neman macijin. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum a mota. Mataimaki mai hangen nesa zai san tun kafin a bar Bauchi wane asibiti ne ke da maganin dafi a ajiye, ya riƙe lambar wani likita a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma tabbatar mota ɗaya tana da cikakken tanki da direban da ba ya nisa. Sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne a cikin daji.

Sai tsando, ƙudan da ke cizo kamar allura a kwarin Gaji. Yana bin baƙin tufafi da shuɗi mai duhu, don haka a sa masu launin ƙasa. Sai sauro. Wanda ya dawo Abuja da zazzaɓi bayan mako guda ya gaya wa likita inda ya je.

To, bindigar fa?

Dokar makamai ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai da lasisin Shugaban Ƙasa, waɗanda sai da na Sufeto Janar na 'Yan Sanda, da kuma irin na toka. Ko mai lasisi ba shi da hurumin shiga gandun da aka keɓe ya yi harbi. Giwa da zaki suna ƙarƙashin kariyar dokar dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren giwa a Abuja don a ga da gaske take. Jami'in gwamnati da ɗan rakiyarsa ya harbe giwa a Yankari ba zai so ganin kanun labaran washegari ba.

Ko an ajiye doka gefe, akwai batun aiki. An horar da ɗan sanda ne don ya fuskanci mutum. Bindigar da ke hannunsa na iya raunata giwa ko ɓauna, har ta mutu bayan kwanaki, amma ba a ƙera ta don ta tsayar da dabba mai wannan girma nan take ba. Ƙasashen Afirka da ke ba da izinin farautar manyan dabbobi suna shar'anta bindigogi masu harsashi mafi girma nesa ba kusa ba. Abin da harbin firgici ke haifarwa shi ne dabba mai rauni da fushi, wadda za ta huce a kan manomin da ya fito gona gobe. Ma'aikatan gandun da ke sintiri suna riƙe da makamai, amma galibi saboda mafarautan sata ne, kuma wasu daga cikinsu sun rasa rayukansu a wannan aiki.

Wannan ba ya nufin a sallami 'yan rakiya. Suna da aikinsu, sai dai a kan hanya yake. Dazukan kudancin Alkaleri, wajen iyaka da Filato da Taraba da Gombe, sun fuskanci matsalar 'yan bindiga. A watan Mayun 2025 an yi mummunar arangama tsakaninsu da 'yan sa-kai a yankin Duguri da Gwana. Wajibi ne a tuntuɓi rundunar 'yan sandan jihar da hukumar gandun kafin a tashi, a yi tafiya da rana, a isa ƙofa da sauran haske. Ita kanta hanyar Bauchi zuwa Gombe, da manyan motocinta da gudun da ayarin manya ke yi a kanta, ta fi duk zakunan Nijeriya cin rai.

Na tambayi dattijon namu batun layu da asirin maharba, irin su baduhu da layar zana da ake ba da labari. Bai ƙaryata ba, bai kuma gaskata ba. Abin da ya ce kawai shi ne, a zamaninsu duk maharbin da ya ga ya tsufa, to ya iya karanta iska da sawu da kashi, kuma ya san ranar da ake fasa shiga daji a koma gida. Waɗanda suka dogara ga abin da ke ɗaure a damtsensu kaɗai, in ji shi, ba su da yawa a cikin tsofaffi.

Ga mai ƙananan yara ko tsofaffin iyaye da ke son ganin dabbobi ba tare da fargabar giwa ba, akwai gandun Sumu a Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka zuba raƙuman dawa da jakunan dawa da wasu nau'o'in barewa da aka kawo daga Namibiya a 2006.

In aiki ya kai ka can

Ma'aikatan tarayya na zuwa kwas da taro a ƙasashen da beyar take, kuma masu masauki kan shirya fita yawon duwatsu a ƙarshen mako. Ba wasa ba ne. A Japan, daga Afrilun 2025 zuwa ƙarshen shekarar beyar ta kashe mutum 13, adadi mafi yawa da aka taɓa rubutawa, har aka tura sojoji lardin Akita a watan Nuwamba su taimaka wajen kafa tarkuna. Romaniya ce ke da mafi yawan beyar a Turai in aka cire Rasha, kuma sukan fito har bakin titi.

Wanda ya samu kansa a can ya sayi feshin a can ko ya yi haya, domin ba a shiga jirgin sama da shi. Ya rataye shi inda hannu zai kai nan take, ya koyi cire makullinsa tun a masauki. Kada ya fesa a jiki ko a tanti kamar maganin sauro. Bincike ya nuna ragowar ƙamshin na jawo dabbar ne. In mai launin ƙasa-ƙasa ta kai masa hari don kare 'ya'yanta, shawarar hukumomin Amurka ita ce ya kwanta rub-da-ciki ya kare wuyansa da hannuwa ya yi lamo. In baƙar beyar ce, ya yi faɗa da duk abin da ya samu, ya nufi fuska da hanci. Bambance su ba a launi kaɗai yake ba, shi ya sa ake sauraron jagora kafin a shiga.

Da asubar Juma'a, kafin ayarin ya bar Tirwun, na ga abokina ya sake fito da takardarsa. Bai soke layin 'yan sandan ba. A ƙarƙashinsa ya ƙara tocila huɗu, da sabulu, da lambar likita, sannan ya aiki ƙaramin direba cikin gari ya nemo wa yaran maigida takalma rufaffu. Dattijon ya rako su har bakin titi, ya yi musu addu'ar sauka lafiya, ya leƙa motar ƙarshe ya ce a mayar da kular nan cikin but.